Garin Yagana da Farko, Garin Bukar a Ƙarshe

Abu biyu kuka daɗe kuna faɗa a kaina, ku 'ya'yana, kuma duka biyun ba haka suke ba. Na farko, wai gwiwata ta lalace shekarar da muka je Amurka da mahaifiyarku, har sai da aka riƙa tura ni a keken marasa lafiya. Na biyu, wai na fi son Yagana a kan Bukar, shi ya sa na tsallake babba na fara sauka gidan ƙanwarsa. Na farkon kuna faɗa kuna dariya. Na biyun ba mai dariya, musamman kai Bukar, da har yau in maganar ta taso sai ka ce, "Ai ya wuce, Baba," da irin muryar da ke nuna bai wuce ko'ina ba. Na yi shiru duk shekarun nan ne don an ɗaure mini baki da alƙawari. Wadda ta ɗaure ni, mahaifiyarku, ta koma ga Ubangijinta, Allah Ya jiƙan Dada, kuma ita da bakinta ta ce in ta riga ni tafiya, in faɗa. To, ku gyara zama.

Sai na fara da sana'ata, don ba za ku gane abin da na yi ba sai da ita. Shekara talatin da wani abu na yi ina lodin shanu daga kasuwar Mubi zuwa kudu. Ban taɓa tuƙa tirela ba, ban kuma mallaki garke ba. Aikina shi ne tsara tafiya: wace mota, wane direba, ina za a tsaya a ba su ruwa, wace gada ce ruwa ya ci, wane gari ne bai kamata a shiga da tsakar rana ba. Mahaifina, da ya zo daga Barno da fataucinsa, ya koya mini abubuwa da yawa na manta, ɗaya na riƙe. In za ka tsara wa garke tafiya, ka nemo saniyar da ta fi sauran rauni, ka auna tafiyar da ƙarfinta, ba da ƙarfin bijimai ba. Ban taɓa zaton zan yi wannan aikin da matata ba. Ranar da na kwatanta ta da saniyar, ba ta ji haushi ba. Bafillatanar Belel ce, cewa ta yi ai na daɗe ban yabe ta haka ba.

Kun kuma san ni da tambaya. Tun kuna yara kuke jin kunyar fita da ni, don sai in tsaya gaban mai gyaran agogo in ƙi tafiya sai ya nuna mini abin da ke motsa hannun. Dadarku takan ce da ana sayar da tambaya da tuni na gina bene a Nassarawo. To, a shekarar nan halin ya yi mini rana, don duk abin da na tambaye ku ba wanda ya zargi komai. Cewa kawai kuka yi Baba ya fara.

A farkon shekarar na lura Dada tana laluben bakin ƙofa in magariba ta yi. Wata rana kuma ta zuba mini shayi a gefen kofi, ta ce wai ni na motsa shi. Na lallaɓa ta da ƙyar muka je wurin likitan ido a Yola. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce ba yana ba ce da za a cire, ciwo ne mai cin jijiyar ido a hankali ba tare da zafi ba. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa yana tsukewa daga gefe, tana gani ne kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma sai da haske sosai. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage masa gudu amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi saura yaushe. Ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ba, watakila watanni, watakila shekara, Allah ne masani.

Mun kusa Gombi a hanyar dawowa kafin ta buɗe baki.

"Alhaji, kada ka gaya wa yara."

"Don me? Ai haƙƙinsu ne su sani."

"In sun ji, wancan zai kwashe ni asibiti asibiti. Su zauna suna kallona da tausayi. Ni ba kallona nake so a yi ba. Ni nake so in kalle su."

Ku jikoki da kuka tashi a can sai na yi muku bayanin "wancan". Bukar ke nan. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurin su Dada uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama ta ƙura masa ido. Tun yana cikin zani, in baƙi suka shigo sai ta miƙa wa ƙanwata shi kamar ɗan maƙwabta. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin "Bukar" ya fito daga bakinta ba. In yana gaishe ta, gefe take kallo tana amsawa. Shi ya san al'ada ce, amma sanin abu a kai daban, jin sa a ciki daban.

A lokacin Bukar ya daɗe yana matsa mana mu zo, har biza ta fito. Shi yana Houston da iyalinsa, Yagana tana can arewa a Minneapolis wurin mijinta, ta haifi 'ya mace an sa mata sunan Dada, Asta, ana kiranta Ummi. Mu a gida ba ma wahalar da harshe, garin Bukar da garin Yagana muke cewa. Bukar ya riga ya tsara komai ya turo mini a waya. Za mu zo a ƙarshen shekara lokacin hutunsa da na yara, mu sauka wurinsa mu yi mako uku, sannan mu leƙa Yagana mako ɗaya. Za mu canja jirgi a Turai, tsakanin sauka da tashi awa ɗaya da 'yan mintoci, mu sake canjawa a wani gari a Amurka. Tsari ne mai kyau, amma na bijimai ne.

Da na karanta mata, sai ta girgiza kai.

"Ka fara kai ni wurin takwarata. Ban taɓa ganinta ba sai a waya. Wancan a ƙarshe."

"Babba ake fara sauka wurinsa, Asta. Kin sani. Zai ji ciwo."

"Zai ji."

"In kuma idon bai kai ba fa?"

"Zai kai. Kai ka tsara yadda zai kai. Ba aikinka ba ne?"

Ba ta faɗi dalilin sa shi a ƙarshe ba. Ni na ɗauka kunyar ce, kada a ce tana rawar jikin zuwa wurin ɗan fari. Ban ja ba. Na sayi sabon littafi mai layi, irin wanda nake rubuta tafiyar tireloli, na rubuta a shafin farko: Mubi, Yola, Abuja, Turai, garin Yagana, garin Bukar, gida. Daga ranar abu ɗaya ne a gabana, idon dama na Dada ya ga gari biyu kafin ya rufe.

Akwai wata mata 'yar Michika, Madam Kwanye, mai ofishin yankan tikiti kusa da tasha. Ita na mayar makaranta. Kullum bayan sallar la'asar ina wurinta da littafina, har ta sa aka ajiye mini kujera. Ranar farko na tambaye ta ko in jirginmu ya makara, na biyun zai ɗan jira, tunda ya san da fasinjansa a hanya. Ta yi dariya har da buga tebur.

"Baba, wannan ba tashan Mubi ba ne. Jirgi ba ya jira cika, ba ya jira kowa. Lokaci ya yi, ya rufe ƙofa, ya tafi. Ko kana ganinshi ta gilashi."

"To daga inda aka sauke mu zuwa inda za mu hau, nawa ne nisansa?"

"Wani filin, kaman daga Nassarawo zuwa kasuwan shanu. Da ƙafa. Kuma kana karanta allo kana tafiya."

Karanta allo. Nan take na soke awa ɗayan Bukar da biro. A wurinta na koyi cewa tikiti ɗaya da ya haɗa tafiya duka ya fi guntu-guntu, don in na farko ya makara su za su nema maka wani. Na koyi cewa garin da ka fara taka ƙafa a Amurka, nan za a duba fasfo, nan za ka kwashi kayanka da hannunka ko da akwai sauran tafiya. Na ce to mu rage tsaye-tsaye, a samo mana wanda daga Turai zai dire garin Yagana kai tsaye. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Ashe masu jirgi ma aikina suke yi, sai dai su ba sa tambayar wace ce mai rauni a cikin lodi sai ka gaya musu.

Babban abin da na gano kuwa ba a ofis na same shi ba. Wata rana muna waya da Yagana, don son tambaya kawai, na ce ƙarfe nawa kuke magariba a can. Ta ce ai Baba ya danganta. A ƙarshen shekara tun kafin biyar duhu ya rufe, ga ƙanƙara ko'ina ana santsi. Amma lokacin da damina ke sauka a Mubi, su rana takan kai wajen tara ba ta faɗi ba, asuba kuma tun da wuri gari ya waye. Na ce ta maimaita. Mu nan magariba ba ta wuce ta matsa kaɗan ta dawo, ban taɓa sanin akwai inda rana ke da irin wannan son zuciya ba. Yagana ta ɗauki lemo da tocila ta nuna mini a waya yadda duniya take a karkace. Kwana uku ina juya lemo a tsakar gida, Dada tana cewa in na gama ta sha. Amma tun a wayar na riga na gane. Macen da ba ta gani sai da haske, ba a kai ta garin duhu a watan duhu. Dole mu tafi farkon damina.

Farkon damina kuwa shi ne shuka. Tun da na sayi gonar Vimtim ban taɓa barin ta a wannan lokaci ba, ko shekarar da na yi zazzaɓi a bayan babur aka kai ni na ga an binne iri. A shekarar na bar wa mutane, ciyawa ta fi masara tsawo, abin da aka kawo gida bai kai a ambata ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni wayar da na yi da Bukar ce.

"Baba, ban gane ba. Na ajiye hutuna don ƙarshen shekara. In kun zo yanzu ina aiki."

"Sanyin can ba za mu iya ba."

"To ku zo yanzu, amma ku fara da nan. Ni ne babba. Me zan ce wa surukaina?"

"Jirgin ne haka. Wanda ya dace da mu garin Yagana yake fara sauka."

"Baba, ni nake yankan tikitin nan. Akwai jirgi kala-kala."

"Na gama tsarawa."

Sai ya ce, "Dada fa, me ta ce?" Tana zaune gefena tana jin komai, ta juya fuska bango. Na ce ta ce duk yadda na yi. Ya ce shi ke nan, Allah Ya kawo ku lafiya. Bai yi mini rashin kunya ba, bai taɓa yi ba, ya turo wa Madam Kwanye kuɗi aka yanki tikitin yadda na ce. Amma na ji lokacin da wani abu ya rufe a muryarsa, kuma ni na rufe shi da ƙarya. Na ji zafin wannan, har yau ina ji.

Saura maganar keke. Madam Kwanye ce ta ce ana iya rubutawa a tikiti cewa fasinja yana buƙatar keke, sai ma'aikaci ya zo bakin jirgi ya tura shi har ƙofar na gaba, ba karatun allo, ba ɓata hanya. Na yi murna, na zo na gaya wa Dada. Ta ce ko kusa. In an rubuta a sunanta, wancan zai gani ya fara tambaya. Na yi kwana biyu ina juya abin, sannan na koma ofis.

"Madam, rubuta keken a sunana."

Ta leƙo ta kan tebur ta kalli ƙafafuna. "Baba, kai da kana zuwa nan da ƙafa kullum?"

"Gwiwa ce. Tana tashi in ta ga jirgi."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta. Ina jin ta gane, Allah Ya saka mata. Haka ni, mutumin da ya yi shekara talatin yana hawa bayan tirela, na zauna ana tura ni kamar buhun gyaɗa, Dada tana tafe a gefe da hannunta a kafaɗata. Duk wanda ya gan mu cewa zai yi ga mace mai tausayin mijinta. Alhali ni ne sandarta. In akwai matakala sai in ɗaga kafaɗa, in za a karya kwana sai in karkata. Mun yi kwana da kwanaki muna gwada wannan a tsakar gida da kujerar roba.

Kafin mu tashi na sa kowannenku ya zagaya da ni gidansa a waya. Matakala nawa, ina bayan gida, ina taga, wane ɓangare rana ke fitowa. Kuka yi ta dariya. Duk na rubuta, na karanta mata har ta haddace. Daga Mubi kuma na sa mu fita kwana biyu kafin jirgin Yola, Bukar yana cewa tafiyar 'yan awanni ce fa Baba. Ruwa kuwa ya sauka, wani mayo, wato rafi, ya cika ya hau kan hanya, muka yi rabin yini a bakinsa muna jira ya janye. Direban yana ta tsaki, ni ko a jikina. Na ciro littafina na nuna wa Dada inda na rubuta "ruwa", ta ce ba sai na yi mata burga ba.

A Turai awa shida na zaɓa mu zauna, kuma ban yi nadama ba. Muka yi alwala a natse, na ɗiga mata magani, na samu lokacin tambayar mai tura ni yadda akwati ke gane jirginsa. Da muka tashi muka hau kan teku, sai na ga abin da lemo ya gaya mini. Agogona na tafiya, rana ta ƙi tafiya. Na duba taga azahar, na yi barci na farka azahar ɗin ce dai. Malamin unguwarmu ya riga ya ce mini in bi ranar da nake gani, ba agogon Mubi ba. Na sa Dada a bakin taga. Ta daɗe tana kallon farin gajimare, sannan ta ce ashe ana iya bin rana a hana ta faɗuwa. Na ce na ɗan lokaci dai. Ta mayar da ido kan taga.

Garin Yagana ya yi mana yadda na tsara, har ya fi. Haske tun safe har mutum ya gaji da shi. Kullum Dada tana bayan gida a kan ciyawa da takwararta a cinya, tana juya ta, tana duba kunne, yatsu, tsagar gira. Ƙarfe takwas na yamma tana zaune tana kallon jaririya kamar da hantsi. Yagana ta ce ba ta taɓa ganin Dada da son yaro haka ba. Amma a mako na biyu na ga Ummi ta miƙo hannu daga gefe, Dada ba ta gani ba sai da ya taɓa kumatunta. Bututun yana ƙara tsukewa. Tsoro ya kama ni, na ce mu canja tikiti mu wuce wurin Bukar gobe. Ta ce a'a, in mun katse Yagana za ta tambaya. Na koma ƙirga kwanaki, abinci ma ba ya shiga.

Da safe muka tashi zuwa garin Bukar, jirgi ɗaya ba canji, haka na nace. Ya tarbe mu da ladabi, ya karɓi kaya, ya tambayi gwiwata. A nan ne na gane kuskurena, ni mai taƙama da tsari. Na auna hasken sama, ban auna na cikin gida ba. Garin Bukar a lokacin zafi ne kamar Mubi kafin ruwan farko, don haka kowane gida labule a sauke, ƙofa a rufe, na'urar sanyi tana aiki. Falon da na gani a waya yana da manyan tagogi, amma duk a lulluɓe. Bukar kuma ba shi da hutu, ni na cinye masa shi. Yana fita da sassafe, ya dawo rana ta yi ƙasa, ya durƙusa ya gaishe ta a falo mai duhu, ita kuma ta kalli gefe yadda ta saba. Jikokin dai na riƙa fitar mata da su waje da safe, ta gan su ta ƙoshi. Ranar hutu ya ɗauke mu yawo, amma yana gaba yana tuƙi, ita tana baya, ƙeyarsa kawai. Kwana goma sha biyu suka wuce haka. Na ce mata bari in gaya masa, ko in ce ya zauna kusa da taga. Ta ce in na yi ba ta yafe ba. Raina ya ɓaci, na ce to me muka zo yi, na bar gona, na ɓata da ɗana, na zauna a keke kamar gurgu. Ta ce in yi haƙuri, akwai sauran kwana.

Safiyar da za mu koma, an sa kaya a mota, rana ta fito tar a ƙofar gida. Dada ta fita ita kaɗai, tana ƙirga matakala ukun nan a ranta, ta tsaya a tsakiyar haske ta ba rana baya.

"Alhaji, ka ce wa wancan ya zo."

Bukar ya fito da makulli a hannu yana duba agogo. Ta ce akwai abu a wuyan rigarsa. Ya sunkuyo. Ba ta taɓa rigar ba. Hannu biyu ta sa ta riƙe fuskarsa, ta juya ta wajen rana, ta kalle shi. Ta fara daga goshi ta sauko a hankali, don idon ba ya ɗaukar fuska gaba ɗaya sai kaɗan-kaɗan. Bukar ya daskare. Mutum mai 'ya'ya uku, ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Dada, lafiya?" Ba ta kula shi ba. Ni na juya ina duba tayar mota, don abin ya fi ƙarfina. Da ta gama sai ta sake shi ta ce:

"Ashe kunnen babanka ne da kai. Allah Ya sawwaƙe."

Kowa ya yi dariya, muka shiga mota. Kai Bukar ka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Sai da jirgi ya ɗaga, garin ya koma ƙasa, ta jingina ta ce mini, "Na gama. Yanzu in ya ga dama ya rufe."

Ya rufe kafin wata damina ta zagayo. Muka ce muku farat ɗaya abin ya zo. Bukar ya turo kuɗi a kai ta duk inda ya kamata, likitoci suka ce an makara. Ba zan ɓoye muku ba, akwai tambaya ɗaya da ni mai tambaya ban samu amsarta ba: da na karya alƙawari a can, ko wani likitan ya ƙara mata 'yan watanni? Na Yola ya ce da wuya. Amma da wuya ba a'a ba ne, kuma ni na ɗauki wannan, ba ku ba.

Shekara guda bayan haka, muna zaune gindin mangwaro da la'asar, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce me ya sa ta sa shi a ƙarshe, alhali ta san idon zai iya ƙin kaiwa. Sai ta ce:

"Mutum in ya shigo ɗaki daga rana, abin da ya kalla a ƙarshe shi yake gani a duhu. Kowa na kalle shi na ƙoshi, har kai. Shi ne ban taɓa kallo ba." Ta gyara mayafinta. "Fuskoki suna gogewa, Alhaji. Taka ma ta fara. Ta Bukar ce tana nan."

Wannan ne karo ɗaya da na ji sunan a bakinta, kuma ta faɗe shi a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe.

To ka ji, Bukar. Gwiwata lafiyarta ƙalau, jirgi kuma bai tsara komai ba, uwarka ce ta tsara, ni na rubuta. Ka kai hannu gefen kanka na hagu, saman kunnen nan da ta ce nawa ne. Furfura bakwai ta ƙirga a wurin ranar. Na san yanzu sun fi haka, amma ita bakwai ta tafi da su.